Yadda ƙungiya za ta tsayar da magana ɗaya ba tare da ta danne ra'ayin kowa ba

Duk inda mutane suka haɗu a kan abin da ya shafe su baki ɗaya, ko ƙungiyar gama kai ce ta manoma, ko ta ma'aikata, ko ta iyayen yara da malamai, ko mazauna gini ɗaya da ke raba ruwa da wuta, akwai cututtuka biyu da ke jiransu. Ta farko ita ce bi-yarima-a-sha-kiɗa: mutum uku ko huɗu su yi magana, saura su gyaɗa kai, a rubuta cewa an amince baki ɗaya, alhali ta ciki na ciki. Ta biyu ita ce zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba, ba a iya tsayar da magana, in ma an tsayar babu mai bi. Da yawa suna ɗauka cewa in ana son haɗin kai sai an rage wa mutum 'yancinsa, in kuma ana son 'yanci sai an haƙura da haɗin kai. Mu ba mu ga haka ba. Shawarar taro ba ta da wani nauyi sai in kowane mutum ya yi tunaninsa da kansa kafin a ƙirga shi tare da saura, kuma mutum ba ya samun sararin yin wannan tunani sai a cikin jama'ar da ta tanadar masa kariya.

Tun daga Aristotle a tsohuwar Girka har zuwa Ibn Khaldun a ƙarni na 14, masana sun tsaya a kan cewa ɗan Adam halittar zaman tare ce. Ba ya iya ciyar da kansa ko kare kansa shi kaɗai, ko harshen da yake tunani da shi ma a bakin wasu ya koya. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1948 ta riƙe ɓangarorin biyu tare: sashe na 20 ya hana a tilasta wa kowa shiga wata ƙungiya, sashe na 29 kuma ya ce kowa yana da nauyin al'umma a kansa, domin a cikinta ne kaɗai mutum ke bunƙasa. Abin da zai biyo baya hanya ce ta mayar da wannan magana aiki a ƙungiyar da ke da mambobi daga 20 zuwa kamar 200.

A fara da abin da taro ba shi da hurumin taɓawa

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya game da zaɓe, ku raba al'amura gida uku, ku sa su a kundin ƙungiya.

Gida na farko na mutum ne shi kaɗai: addininsa, wanda zai aura, jam'iyyar da zai jefa wa ƙuri'a, dukiyarsa da ba ta shiga asusun ƙungiya ba, da ra'ayinsa game da ita kanta ƙungiyar. Ko mutum 99 cikin 100 sun ɗaga hannu, ba su da ta cewa a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gida na biyu kayan tarayya ne, wato asusu, gini, injuna, sunan ƙungiya da duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu a madadin kowa. Wannan na taro ne, babu wanda zai yi gaban kansa a ciki, har shugaba.

Gida na uku shi ne inda rigima take kwana: abin da mutum yake yi a cikin nasa, amma yana shafar wasu. Manomin da ke farkon magudanar ruwa ya tare ruwan fiye da lokacinsa, gonakin ƙasa su bushe. Mazaunin bene ya jibge kaya a kan matakalar da kowa zai bi in gobara ta tashi. A 1859 masanin Ingila John Stuart Mill ya kawo ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi, cewa jama'a ba ta da dalilin tilasta wa baligi mai hankali wani abu sai don hana shi cutar da wasu. A aikace, duk lokacin da aka kawo ƙudirin da zai taƙaita wa mambobi wani abu, shugaban taro ya nemi mai ƙudirin ya amsa tambaya uku a bainar jama'a: wa ke cutuwa, ta wace hanya, kuma babu wata hanya mafi sauƙi da za ta kawar da cutar? In amsar ta tsaya a "abin ba ya mana daɗi" ko "ai don amfanin kansa ne", ƙudirin ya koma gida na farko, ba a ma kaɗa masa ƙuri'a.

Kada a raina wannan mataki. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kotun jama'a ta birnin Atina a tsohuwar Girka, mai alƙalai kusan 500 daga cikin 'yan gari, ta yanke wa masanin falsafa Socrates hukuncin kisa da ƙuri'a saboda abin da yake koyarwa. An ƙirga ƙuri'un, rinjaye ya samu, kuma an yi zalunci. Rinjayen da ba a shata masa iyaka ba yana iya yin duk abin da azzalumin sarki zai yi.

A nan ne kuma za ku rubuta ƙofar fita. Duk mai son barin ƙungiya ya ba da sanarwar kwana 30 a rubuce, ya biya bashin da ake binsa, a mayar masa da jarinsa cikin wa'adin da aka fayyace. Wanda ba zai iya fita ba, "na amince" ɗinsa ba ta nuna komai.

Lissafin da ya kamata a gama tun kafin ranar taro

Sanarwar taro ta isa ga kowa kwana 14 kafin ranar, tare da ajanda da ainihin kalmomin kowane babban ƙudiri. Abin da bai shiga ajanda ba ana iya tattauna shi, amma ba a yanke masa hukunci sai zama na gaba. Wannan doka ita ke hana a jira sai an gaji, rabin mutane sun watse, sannan a cusa magana mai nauyi.

Sai adadin halarta, wato mafi ƙarancin mutanen da taro ba ya zama halastacce sai da su. Ku yi lissafin da kanku. Ƙungiya mai mambobi 120 da ta sa kashi ɗaya bisa uku, mutum 40 sun isa a buɗe taro, 21 daga ciki kuma sun isa su yanke wa 120 hukunci. Ga al'amuran yau da kullum babu laifi. Ga gyaran kundi, sayar da kadara, cin bashi ko korar mamba, ku sa rabin mambobi, sannan ku nemi amincewar kashi biyu bisa uku. In adadin bai cika ba a ɗage, a sake kira bayan kwana 7 zuwa 14, a kuma faɗa a sanarwar cewa zama na biyu zai gudana da adadin da ya fi ƙanƙanta, wanda shi ma yana rubuce a kundi. In babu wannan tanadi, wasu 'yan tsiraru za su gane cewa ƙaurace wa taro ya fi zuwa riba, su tsayar da komai cak.

Rinjaye yana nufin fiye da rabi. A cikin 40, 21 ne. A cikin 41 ma 21 ne. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an kai kashi biyu bisa uku ita ce a duba ko masu "e" sun ninka masu "a'a". Ƙuri'a 28 da 13 ta wuce, 27 da 14 ba ta wuce ba. Akwai kuma wata 'yar kalma da ke raba kan mutane bayan an gama ƙirga. A ce mutum 50 ne a zaure, 22 sun ce e, 18 sun ce a'a, 10 sun ƙi kaɗawa. In kundi ya ce "rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa", ƙudiri ya wuce, domin 22 ya fi rabin 40. In ya ce "rinjayen mahalarta", ya faɗi, domin ana neman 26. Duka biyun hanyoyi ne karɓaɓɓu. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a bar wurin a buɗe sai ranar da aka samu irin wannan sakamako, kowane ɓangare ya jawo fassarar da ta yi masa.

Cikin zaure, inda ra'ayin mutum ke ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba

A farkon shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka da ya kamata duk mai jagorantar taro ya sani. Ana zaunar da mutum bakwai zuwa tara, a nuna musu kati mai layi ɗaya da wani mai layi uku, a ce kowa ya faɗi wane layi ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Amsar a fili take, wanda ke shi kaɗai da wuya ya kuskure. Sai dai duk na zaune an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya da aka ajiye kusa da ƙarshen sahu. Sukan faɗi amsar da ba daidai ba ɗaya bayan ɗaya, da murya a natse. Idan aka zo kansa, sai ka ga ya ƙura wa katin ido, ya dubi na kusa da shi, ya sake duban katin. Kusan kashi uku bisa huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na amsoshin da aka bayar a irin wannan yanayi sun bi kuskuren jama'a. Babu wanda ya yi musu barazana, babu abin da za su rasa. To ina ga taron da maigidan mutum, ko wanda yake binsa bashi, ke zaune a gaba?

Gwajin ya nuna wasu abubuwa biyu da su ne maganin. In aka samu ko mutum ɗaya da ya faɗi gaskiya kafin a zo kan wanda ake gwadawa, bin taron yana raguwa ƙwarai. Haka ma in an bar shi ya rubuta amsarsa maimakon ya furta. A kan waɗannan biyun za ku gina tsarin tattaunawa.

Bayan an karanta ƙudiri an amsa tambayoyin neman bayani, kada a buɗe muhawara nan take. A raba wa kowa 'yar takarda, a yi shiru na minti biyar, kowa ya rubuta matsayinsa da dalili ɗaya, ba suna. Wanda ba ya rubutu ya zaɓi wanda ya yarda da shi ya rubuta masa, ko ya yi alamar da aka amince da ita. A tattara, a cakuɗa, magatakarda ya karanta su duka ko wani kaso da aka ɗebo ba zaɓe. Kafin wani babba ya buɗe baki, zauren ya riga ya ji cewa ra'ayi ba ɗaya ba ne, mai ja kuma ya san ba shi kaɗai ba ne.

Daga nan sai magana da baki, kuma jerin masu magana yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Sababbin mambobi da ƙanana su fara, masu muƙami su biyo baya, shugaba ya zama na ƙarshe. In yana son shiga muhawarar gadan-gadan, ya miƙa kujerar ga mataimakinsa har a gama wannan batu. Wasu za su ga kamar an rage wa manya girma. A gaskiya hakan yana ba su damar jin abin da ba za a taɓa faɗa musu ba in sun riga kowa magana, kuma babban da ya yi magana bayan ya ji kowa, maganarsa ta fi zama daram.

Kowa minti biyu, da mai riƙe agogo wanda ba shugaba ba. Mutanen Atina a kotunansu tulu mai huji suke cikawa da ruwa, in ruwan ya tsiyaye mai magana ya zauna, ko wane ne shi. Babu mai magana sau biyu sai duk mai son yi ya yi sau ɗaya, kuma a riƙa karɓa-karɓa tsakanin mai goyon baya da mai adawa. Ku lura da lissafi: mutum 30 a minti bibbiyu awa guda ke nan a kan batu ɗaya. In mahalarta sun haura 20, a kasa su rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas na minti 20, ta hanyar ƙirga lamba, domin kada abokai su taru wuri guda. Kowane rukuni ya dawo da abin da ya yi rinjaye da kuma ja mafi ƙarfi da aka yi a cikinsa. Na biyun nan shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ya fi amfani.

Idan babban ƙudiri ya zo babu mai ja ko ɗaya, kada a yi murna da wuri. A wakilta mutum biyu, a ba su minti goma su kawo dalilan da za su iya sa shirin ya ci tura. Tun da aiki aka ba su, babu wanda zai riƙe su a zuci, sau da yawa kuma a bakinsu ake jin abin da rabin zauren ke tunani.

Kaɗa ƙuri'a

Ku fara neman daidaito kafin ƙirga. Shugaba ya tambaya, kowa ya zaɓi ɗaya cikin amsa uku: na amince, ina da ja amma ba zan tare hanya ba, ban yarda ba. Masu amsa ta uku su faɗi gyaran da zai sa su sauko. In an zauna sau biyu ba a daidaita ba, a tafi ƙuri'a. Abin da za ku guje wa shi ne dokar da ta ce sai kowa da kowa ya yarda, domin tana miƙa wa mutum ɗaya wuƙa da nama a kan saura. Majalisar tarayyar Poland da Lithuania ta yi aiki da irin wannan doka: wakili ɗaya yana iya hawa kujerar na-ƙi ya rushe zaman majalisa da duk abin da ta zartar a zaman. An fara amfani da ita a 1652, ƙasashen maƙwabta suka gane cewa sayen wakili ɗaya ya ishe su, majalisa ta yi ta watsewa ba ta tsinana komai ba. Sai a kundin tsarin mulkin ƙasar na 1791 aka soke dokar, a 1795 kuwa Rasha da Prussia da Austria suka gama raba ƙasar a tsakaninsu.

Ɗaga hannu ya wadatar a ƙananan batutuwa, kamar amincewa da bayanan zaman da ya gabata. Amma zaɓen mutane, ladabtarwa, da duk abin da ya shafi kuɗin wani mai faɗa a ji, a sirrance ake yi. Ku kuma rubuta cewa in mutum biyar suka nemi ƙuri'ar sirri a kan kowane batu, dole a yi, ba tare da an tambaye su dalili ba. Yankuna biyu na Australia, Victoria da Kudancin Australia, sun fara wannan tsari a zaɓen hukuma a 1856, Birtaniya ta bi a 1872, kuma dalilin bai sauya ba: mai haya ba zai iya saɓa wa mai gida a gabansa ba, ma'aikaci ma haka da mai ba shi albashi. Wannan ya sa ƙuri'ar da ake yi a zauren WhatsApp ba ta dace da manyan al'amura ba, domin kowa yana ganin wanda ya zaɓi me, na baya kuma yana ganin inda iska ta kaɗa kafin ya taɓa.

Ga yadda ake yi. Takardun ƙuri'a iri ɗaya, an buga zaɓuɓɓukan a jiki ta yadda alama kawai za a yi, domin a ƙaramar ƙungiya ana gane rubutun hannun juna. Jami'ai biyu su sa hannu ko hatimi a bayan kowace takarda. Alƙalami kala ɗaya. A buɗe akwati a nuna wa kowa cewa babu komai a ciki, sannan a rufe. A keɓe lungu da labule ko allo, mutum ɗaya a lokaci guda, a soke sunansa a rajista sa'ad da ya karɓi takarda. Masu ƙirga uku, babu ɗan takara a cikinsu, kowane ɓangare da wakilinsa a tsaye. A fara ƙirga takardun a kife a gwada da adadin sunayen da aka soke; in takardu sun fi sunaye yawa da abin da zai iya sauya sakamako, a sake zaɓen. Bayan haka a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga, a faɗa da ƙarfi. Hukuncin lalatacciyar ƙuri'a a sanar da shi kafin a fara: wadda nufin mai ita ya fito fili tana ƙirguwa, wadda ke ɗauke da suna ko alamar da za a gane mai ita ta lalace, domin ta nan ne mai sayen ƙuri'a ke tabbatar da cewa an cika masa alkawari. A sa hannu a takardar sakamako, a liƙe ƙuri'un a ajiye kwana 30. In an yi kunnen doki a kan ƙudiri, ya faɗi. In a kan 'yan takara ne, a sake zagaye ɗaya, in an kuma yin canjaras a ja ƙuri'ar sa'a.

Idan zaɓi ya wuce biyu, sai an ƙara kula. 'Yan takara huɗu, masu zaɓe 40, sakamako 14, 11, 9 da 6. Mai 14 ya zo na ɗaya, amma mutum 26 ba shi suka so ba, wataƙila ma shi ne wanda suka fi ƙi. A tafi zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu. Ko kuma a bar kowa ya yi alama a kan duk waɗanda ya yarda da su, ko ɗaya ko uku, wanda ya fi samun alama ya ci. Wannan hanya takan fitar da wanda mafi yawan mutane za su iya zama da shi.

Akwai wani tarko da masanin lissafin Faransa Condorcet ya bayyana a 1785. A ce mambobi 30 za su kashe rarar asusu a kan ɗaya cikin uku: gyaran gini, tallafin marasa lafiya, ko horar da matasa. Goma sun fi son gini, sai tallafi, sai horo. Goma sun fi son tallafi, sai horo, sai gini. Goma sun fi son horo, sai gini, sai tallafi. In aka kara gini da tallafi, gini ya ci 20 da 10. Tallafi da horo, tallafi ya ci 20 da 10. Horo da gini kuma, horo ya ci 20 da 10. Duk wanda aka ajiye zuwa karawar ƙarshe shi zai yi nasara, ke nan mai tsara jerin ƙuri'a shi ne ya yi zaɓen, saura sun raka shi ne kawai. Saboda haka kada a bar wa shugaba shi kaɗai ikon tsara jerin. A sa duk zaɓuɓɓuka a takarda ɗaya kowa ya jera su, a ba na farko maki biyu, na biyu maki ɗaya. In makin ya zo daidai, kamar yadda zai zo a wannan misali, alama ce cewa babu rinjaye na gaskiya, sai a koma tattaunawa a duba ko za a raba kuɗin ko a yi su bi da bi.

Bayan an ƙirga

Magatakarda ya rubuta alƙaluma yadda suke, 22 da 18, kada ya rubuta "taro ya amince" kawai. Waɗanda aka kayar suna da haƙƙin a shigar da dalilansu a littafin taro cikin 'yan layuka. Kowane babban hukunci a sa masa ranar bita, wata shida ko shekara, da abin da za a duba a ranar don a gane ko ya yi aiki. Kafin lokacin ba a tayar da maganar sai in sabon bayani ya fito, ko kashi ɗaya bisa biyar na mambobi sun sa hannu. Mutum yana iya haƙuri da shan kaye in ya san an ji shi, an rubuta, kuma akwai ranar da za a sake dubawa.

A nasa ɓangaren, wanda aka kayar zai bi hukuncin: ya biya kasonsa, ya yi aikin da ya faɗo kansa, ya ci gaba da suka in yana so, amma ba zagon ƙasa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma bai kamata a ɗauki mai suka a matsayin maƙiyi ba. Inda aikin ya ci karo da imaninsa, a ɗauke masa yin sa da hannunsa, a ba shi wani aiki mai nauyi daidai da shi, domin kada uzurin ya zama mafakar cima-zaune.

Cima-zaune kuwa dole a yi maganinsu, in ba haka ba masu ƙoƙari za su gaji su janye. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna raba makiyaya da ruwan noma ba tare da sun cinye su ba. A ƙauyen Törbel na ƙasar Switzerland, wata doka ta 1517 ta hana kowa kai shanu makiyayar tarayya fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a lokacin sanyi. A Valencia ta ƙasar Sifaniya, kotun ruwa da manoma ke zaɓen alƙalanta daga cikinsu tana zama duk ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin birnin, ta saurari ƙara da baki, ta yanke hukunci nan take. Abin da Ostrom ta gani ya maimaitu a irin waɗannan wurare shi ne waɗanda doka za ta hau kansu su ne ke yin ta, masu sa ido suna ƙarƙashin mambobi, sasanta rigima yana da sauri da sauƙi, horo kuma hawa-hawa ne. Ku kwaikwayi wannan: karon farko tunatarwa a keɓe, na biyu gargaɗi a rubuce, na uku 'yar tara, na huɗu dakatarwa na ɗan lokaci, kora sai a ƙarshe da ƙuri'ar sirri. Horo mai tsanani tun karon farko yana sa mutane su riƙa rufa wa juna asiri, dokar ta mutu a tsaye. A kowane mataki a gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa a rubuce, a ba shi kwana 7 ya shirya, a saurare shi, kuma wanda ya kawo ƙara ba ya zama cikin masu hukunci.

Kada kujera ta zama gado

A 1911 masanin zamantakewa Robert Michels, bayan nazarin jam'iyyu da ƙungiyoyin ma'aikata na Turai, musamman na Jamus, ya nuna cewa ko ƙungiyar da aka kafa don daidaito tana ƙarewa a hannun 'yan ƙalilan, domin su ke riƙe da takardu, su suka san kan aiki, saura kuma suna da hidimomin gabansu. Ba sai shugabanni sun kasance mugaye ba. Ana rage wannan da tsari. Kwamitin mutum tara, wa'adin shekara uku, uku su sauka kowace shekara, ta yadda kullum akwai sababbi kuma akwai waɗanda suka san jiya. Babu mai yin fiye da wa'adi biyu a jere. Mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, kamar yadda ƙungiyar gama kai ta Rochdale da aka kafa a Ingila a 1844 ta yi suna da shi. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun biyu cikin mutum uku, kuma kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya.

Masu binciken asusu kuwa, mutum uku, a fitar da su ta hanyar jan suna daga akwati a gaban kowa. Atina da irin wannan hanya take cika majalisarta ta mutum 500 kowace shekara. Wanda sa'a ta fitar babu wanda ya yi masa kamfe, don haka babu wanda yake jin nauyinsa. Kowane mamba yana da damar duba littattafan kuɗi cikin kwana 7 da nema. In kashi ɗaya bisa goma na mambobi suka sa hannu suna neman taron gaggawa, ko da don tsige shugabanni ne, dole a kira shi cikin kwana 21. Ku ƙara jimla ɗaya da kundaye da yawa ke mantawa: in wa'adin ya cika shugabanni ba su kira ba, masu sa hannun suna da ikon kiran taron da kansu, su zaɓi wanda zai jagorance shi daga cikin mahalarta, kuma magatakarda ya miƙa musu rajistar mambobi domin sanarwa ta isa ga kowa.